Tuddan yashi na bakin teku ba su zama wuri guda: abin da ya faru a Saint-Louis

A daren 3 ga watan Oktoba na 2003, hukumomin ƙasar Senegal sun sa aka haƙa wata ƙaramar hanyar ruwa mai faɗin mita 4 a cikin zirin yashin da ya raba kogin Senegal da tekun Atlantika, kimanin kilomita 7 kudu da birnin Saint-Louis. Kogin ya cika, yana shirin malale birnin, shi ya sa aka nemi buɗe masa gajeriyar hanya zuwa teku. Ruwan ya sauka, birnin ya tsira. Amma cikin ƴan kwanaki faɗin hanyar ya kai kusan mita 200, a shekarun 2010 kuma ya haura kilomita 5. Dalilin haka yana cikin yadda yashin bakin teku ke motsi.

Tudun yashi na teku tarin rairayi ne da ruwa ya jibge kusa da gaɓa ko a bakin kogi. Wani yana nutse a kowane lokaci, wani sai ruwa ya janye yake bayyana, wani kuma ya yi tsayi har an yi gidaje a kansa. Kamar yadda iska ke tura tuddan rairayi a arewacin Nijar, haka ruwa ke tura waɗannan, sai dai shi ruwa ya fi iska gaggawa.

Abu na farko da ke motsa su shi ne hawa da saukar teku. A mafi yawan gaɓoɓin Atlantika ruwa na hawa sau biyu a rana, yana janyewa sau biyu, saboda jan da wata da rana ke yi masa. Tsakanin cika da cika akwai awa 12 da minti 25. Hawan ya fi ƙarfi lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika. A Mont-Saint-Michel na Faransa bambancin yakan haura mita 12, a Senegal kuwa bai kai mita 2 ba. Duk da haka, idan ruwan ya matsu a ƙuntatacciyar mashiga, yakan yi gudu, ya kwashi yashi ya shiga da shi, in ya juyo ya fitar da shi.

Na biyu shi ne igiyar ruwa. Lokacin hadari, manyan igiyoyi na zaftare yashin gaɓa su ja shi cikin teku, inda yake taruwa ya zama tudu. Idan teku ta lafa, ƙananan igiyoyi na turo tudun a hankali, har ya sake haɗewa da gaɓa. Wannan kai da komo na iya ɗaukar makonni ko watanni.

Na uku shi ne tafiyar yashi a gefen gaɓa. Igiya ba kasafai take bugun gaɓa kai tsaye ba, a karkace take zuwa, don haka kowane bugu na gusar da ƙwayoyin yashi gefe guda. A Saint-Louis igiyar daga arewa maso yamma take zuwa, yashin kuma kudu yake nufa. Shi ne ya gina zirin da ake kira Langue de Barbarie, shi ne kuma ya riƙa tura bakin kogin kudu, har ya kai kusan kilomita 30 daga birnin kafin 2003.

Da aka buɗe sabuwar hanyar, sai waɗannan abubuwa uku suka haɗu a wuri guda. Ruwan teku ya samu mashiga kusa, yana shiga yana fita yana cin gefen kudu, yayin da yashi ke taruwa a gefen arewa. Tsohon bakin kogin ya toshe. Teku ta cinye ƙauyen Doun Baba Dièye, mutanensa suka tashi. Ruwan gishiri ya lalata gonakin albasa da kayan lambu a yankin Gandiol. Masuntan unguwar Guet Ndar sun samu hanya mafi kusa zuwa teku, amma tuddan da ke ƙarƙashin ruwa a mashigar na sauya wuri, inda kwalekwale ya wuce lafiya bara yana iya kifewa a can bana. Masunta da dama sun rasa rayukansu a wurin.

Ƴan kasuwar Nijar da suka saba zuwa Kwatano da Lome sun ga wani ɓangare na wannan al'amari. A can yashi gabas yake tafiya. Katangun tashoshin jiragen ruwa da aka gina a shekarun 1960 sun tare shi, sai ya taru a yamma da tashoshin, teku kuma ta riƙa cin gaɓa da gidaje a gabas. Don haka ake yawan yashe hanyar shigar jiragen da ke ɗauko kayan da ake kawowa kasuwannin Maraɗi da Yamai.