Kiɗan biki cikin duhu: ina mai sono zai samu haske?

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, bukukuwan aure sun kankama. Yau za mu tattauna kan matasan nan masu sa kiɗa a wurin biki, waɗanda ake ce wa dije ko mai sono, da matsalar da ke ci musu tuwo a ƙwarya, wato duhu.

Kun san yadda abin yake. Ana cikin rawa, ƙawayen amarya sun shigo fili, sai gurup ya yi tari ya mutu. Kiɗa ya tsaya, fitila ta ɗauke, yara su watse da gudu. Wani ya yi tuntuɓe da waya, lasifika ta faɗo. Mai sono kuma yana lalube, ya cusa waya inda ba nan ba, amfili ya ƙone. Kayan nan sau da yawa da bashi aka saye su, ko ɗan uwa ne ya aiko da kuɗin daga ci-rani.

To me ke kawo haka? Yawanci fitila da kiɗa duk a kan gurup ɗaya ake jona su. Shi ya sa za ku ga ƙwan fitila yana dusashewa duk lokacin da ganga ta buga da ƙarfi, don amfili na jan wuta da yawa a daidai lokacin. In mai ya ƙare kuwa, komai zai mutu tare. Ko waɗanda ke da wutar NIGELEC ba su tsira ba: mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, garuruwa suka shiga duhu.

Shawararmu ta farko ita ce a raba fitila da kiɗa. Mai sono ya samu ƙaramin ƙwan LED mai wat 5, ya jona shi da batirin moto mai volt 12 wanda ya cika da fanon sola tun da rana. Batir mai amfiya 7, in lafiyarsa ƙalau, zai riƙe wannan ƙwan wajen awa takwas. Gurup ya mutu ko kada ya mutu, teburinsa na da haske.

Na biyu, hasken ya sauka kan hannu, kada ya daki ido. Idon mutum na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, amma farin haske mai ƙarfi na ɓata wannan sabon nan take. Don haka a rage hasken salula, a sa wa ƙwan hula ta kwali ya riƙa kallon ƙasa. Tocilar goshi mai jan haske ta fi dacewa, don ja bai cika kashe ido ba, kuma ƙwari ba sa binsa kamar fari.

Na uku, aikin dare da rana ake yinsa. Kafin magariba a shimfiɗa wayoyi, a binne su cikin rairayi ko a bi da su gefen darni. A liƙa farin sikoci a kan maɓallan da aka fi taɓawa. A jera waƙoƙi cikin salula ko kile: na shigowar amarya daban, na ƙawaye daban, na iyaye daban. Gurup kuma a ajiye shi can nesa a sarari, kada a sa shi cikin ɗaki ko zaure, don hayaƙinsa na da guba mai kisa wadda ba a jin warinta. Kuma kada a zuba mai yana kunne.

Ku kuma ƴan uwa na waje, ku ne ke ƙorafi cewa bidiyon da aka turo muku ta WhatsApp baƙi ƙirin ne, ba ku gane amarya ba. In za ku aiko da gudummawa, ku ware ɗan abin da za a sayi ƙwai biyu na fili da batir. Iyaye masu sa rana, ku duba wata ma: daga 13 zuwa 15 ga wata, farin wata na haska fili kusan dare duka, kyauta.

Masu sono na yankinmu, ku zo gidan rediyo ku faɗa mana dabarunku, mu isar wa sauran. Allah ya sa a yi biki lafiya, a watse lafiya.