Sikeli Ba Ya Auna Magana: Yara Masu Otizim a Asibitocinmu na Gwamnati

Akwai wani yaro a danginmu, ɗan ƙanwata, wanda katin awonsa ya isa a nuna wa ɗalibai a aji. An yi masa allurar rigakafi ta farko da haihuwa, aka koma a mako na 6 da na 10 da na 14, sannan aka yi ta ƙyanda yana wata 9. Duk zuwan da aka yi sai an ɗora shi a sikeli, kuma layin nauyinsa bai taɓa yin ƙasa ba. Amma yaron nan ya cika shekara uku bai ce "Umma" ba. A kira sunansa har murya ta dushe ba zai waiwayo ba, alhali in aka taɓa ledar biskit a wani ɗakin sai ga shi ya sheƙo. Wasansa ɗaya ne, jera murafen kwalba a gindin bango, kuma duk wanda ya gusar da ɗaya ya jawo kukan da za a wuni ana lallashi. Da maƙwabta sun tayar da injin markaɗe sai ya toshe kunnuwa yana ihu.

Sau uku uwarsa tana kai shi asibitin gwamnati da ke kusa da su. Zuwan farko aka ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, na biyu maganin tsutsar ciki, a na uku kuwa malamar asibiti ta ce mata, "Hajiya, ki ƙara haƙuri, namiji ne, maza ba su da saurin baki." Wata rana ta same ni a gida ta ce, "Yaya, kai da kake koyar da ilimin halittu, me ke damun yaron nan?" Na san sunan abin daga littafi, amma ban san ƙofar da zan ce ta ƙwanƙwasa ba. Sai da ya shekara shida kafin wani likitan yara ya tabbatar mana cewa otizim ne.

Mene ne otizim?

Kafofin watsa labarai kan fassara shi da galahanga, sai dai kalmar tana da faɗi a bakin jama'a, domin akan jingina ta ga kusan duk yaron da ke da tawaya a ƙwaƙwalwa ko a gaɓoɓi. Shi otizim yanayi ne da ƙwaƙwalwa ke tasowa da shi tun daga ciki, kuma ana gane shi da abubuwa biyu: wahalar cuɗanya da isar da saƙo, da kuma maimaita ɗabi'a guda tare da ƙin sauyi. Wani ba ya magana sam, wani kuwa yana iya haddace shafuka amma hirar minti biyu ta gagare shi. Ya fi bayyana ga maza, kimanin uku ko huɗu ga kowace mace guda.

Ɗaya daga cikin likitocin farko da suka bayyana shi a rubuce shi ne Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka, wanda a 1943 ya kawo labarin yara 11. Shekaru da dama bayan haka aka yi ta ɗora laifin a kan iyaye mata, wai rashin nuna ƙauna ne ya sa yaran suka janye jiki. Binciken tagwaye ne ya rushe wannan zargi. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka nazarci tagwaye 21 a Ingila, suka ga cewa in ɗaya daga cikin tagwayen ƙwai guda yana da otizim, ɗan'uwansa ya fi kusa da samunsa fiye da yadda abin yake ga tagwayen ƙwai biyu. Wani babban nazari na 2019, wanda ya haɗa mutum kusan miliyan 2 daga ƙasashe biyar, ya ƙiyasta rabon gado da kimanin kashi 80 cikin ɗari. An kuma gano ƙwayoyin gado fiye da 100 da ke da hannu, da yawansu suna aiki ne a mahaɗar da ƙwayar jijiya ɗaya ke miƙa wa ta gaba saƙo. Haihuwar bakwaini, da tsufan iyaye, da shan maganin farfaɗiya mai suna balfurowet lokacin goyon ciki, duk suna ƙara yiwuwarsa.

Allurar rigakafi ba ta cikin wannan jeri. Takardar da Andrew Wakefield ya buga a 1998 mai alaƙanta otizim da allurar ƙyanda an janye ta a 2010, shi kuma aka soke lasisinsa, sannan nazarin yara sama da 650,000 a Denmak a 2019 bai ga wata alaƙa ba. Mu da muka ga abin da ƙaurace wa rigakafin shan inna ta jawo a 2003, bai kamata a sake sayar mana da irin wannan jita-jita ba.

An daɗe ana cewa otizim ciwon Turawa ne. Victor Lotter, wanda ya ƙirga yara 4 zuwa 5 cikin kowane 10,000 a Ingila a 1966, ya zagaya wasu ƙasashen Afirka, ya kuma ba da rahoto a 1978 cewa ya tarar da shi a nan ma. Tun daga lokacin ma'anar ta faɗaɗa, idon likitoci ya buɗe, har ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2022 ya kai yaro ɗaya cikin 100. In muka auna wannan da jarirai sama da miliyan 7 da ake haifa a Nijeriya duk shekara, lissafin zai ba mu kimanin 70,000 a shekara guda. Mai karatu ya tambayi kansa, nawa ne daga cikinsu suka taɓa jin sunan abin da ke damunsu?

Inda gizo ke saƙar

A ganina babban giɓin yana a matakin farko ne, wato ɗakin awo da rigakafi, domin nan ne kaɗai wurin da talaka ke kai yaronsa alhali ba ya ciwo. An gina wannan tsari ne don hana mutuwa, kuma ya yi rawar gani. To amma dubi lokutansa. Ziyara ta ƙarshe ta daɗe tana wata na 9, kafin a ƙara allurar ƙyanda ta biyu a wata na 15. Alamomin otizim kuwa sun fi fitowa fili tsakanin shekara ɗaya da biyu: yaro ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi, ba ya amsa sunansa, ba ya kwaikwayon manya, ko kuma ya fara 'yan kalmomi su ɓace. Wato daidai lokacin da ya kamata a zuba ido, lokacin ne asibiti ke sallamar yaro. A Amurka ƙungiyar likitocin yara ta ba da shawarar a tantance kowane yaro a wata na 18 da na 24, da wata takarda mai tambayoyi 20 da uwa ke amsawa da i ko a'a cikin 'yan mintoci. Ba ta buƙatar na'ura, ba ta buƙatar wutar lantarki.

Sai dai ba a ɗauko takardar a juya ta zuwa Hausa kawai a ce an gama ba. Akwai tambayar da ke misali da ƙarar na'urar sharar ɗaki, wadda a wurinmu injin niƙa ko janareta ne zai maye gurbinta. Akwai ta kallon ido, alhali mu tarbiyya muke ɗaukar sunkuyar da kai gaban babba. Akwai kuma ta amsa suna, alhali a gidaje da yawa uwa tana alkunyar ɗan fari, ba ta kama sunansa, wani lokaci ma kaka ce ke riƙonsa. Ma'aikacin da bai san ya tambayi kaka ko yayar yaro ba zai rubuta amsar da ba ita ba. Wannan aiki ne da sassan Hausa da na likitanci a jami'o'inmu za su iya yi tare, kuma abin mamaki ne yadda ginin sassan biyu ke kusa amma ba a cika gaisawa ba.

Haka kuma dole a fara da gwajin ji. Sanƙarau da shawarar jarirai suna kurmantar da yara da yawa a yankinmu, kuma kurma da mai otizim duk ba sa waiwayowa in an kira su, amma taimakon da kowannensu ke buƙata daban ne.

Ko da an yi dace ma'aikacin ya yi zargi, ina zai tura uwar? Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne, waɗanda suka ƙware kan yara kuma 'yan tsiraru ne daga cikinsu. Suna asibitocin koyarwa ne da na ƙwararru irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Mutumin ƙauye zai biya kuɗin mota na mutum biyu, da na kati, da na kwana, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majiyyata yake fita. Ban ga laifin uban da ya zaɓi rubutu da hayaƙi ba, domin malamin unguwa yana sauraronsa, yana kuma ba shi bayani. Haɗarin yana ga inda aka yanke cewa yaron ɗan ruwa ne, ko aka kai shi gidan mari. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2019 ya nuna yadda ake ɗaure masu larurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a sassan ƙasar nan, har da yara.

Dokoki kam akwai su. An sa hannu kan dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, sannan a Janairun 2023 sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma alƙawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba.

Bayan an san suna

Babu ƙwayar da ke warkar da otizim. Magani yana amfani ne ga abubuwan da kan zo tare da shi, kamar farfaɗiya da rashin barci. Abin da ke taimakon yaron shi ne horo na yau da kullum kan magana da wasa da kula da kai, kuma ya fi kama jiki in an fara da wuri, lokacin da mahaɗan jijiyoyi ke kan ginuwa. Da yake masu koyar da magana sun yi ƙaranci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani shiri na horar da iyaye, mai zama tara na rukuni da ziyarar gida uku, wanda ma'aikacin da ba likita ba zai iya jagoranta. An gwada shi a Habasha da Kenya. Tunanin ma ba baƙo ba ne a ƙasar nan, don tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majiyyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da Aro a Abekuta, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin.

Ɗan ƙanwata yanzu yana da shekara tara. Makarantu biyu sun mayar da shi gida, ta uku ta karɓe shi bisa sharaɗin a riƙa biyan wata mai zama kusa da shi a aji. Uwarsa ta liƙa hotunan kofi da buta da kwano a ƙofar kicin, in yana son abu sai ya je ya taɓa hoton, ita kuma ta faɗi sunan sau biyu kafin ta miƙa masa. Kalmominsa sun kai talatin. Kwanan baya ta haifi ƙaninsa, ta nuna mini sabon katin awo, na duba gaba da baya ina neman gurbin da za a rubuta ko yaro yana amsa sunansa a wata na 18, ban samu ba. Da biro ta zana nata a gefe.