Dafodil da Fir: Tsiro Biyu na Ƙasashen Sanyi

Ka san yadda shekara ta ke a ƙasarmu, babban abin da ke wahal da tsiro shi ne rashin ruwa da rani. To, a Ingila da sauran ƙasashen arewacin Turai sanyi ne ke wahal da shi. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu rana ba ta daɗewa a sama, ruwa ya kan daskare, wani lokaci ƙanƙara mai laushi kamar auduga ta rufe ƙasa. Yawancin itatuwa su kan kakkaɓe ganyensu, su tsaya kamar busassu. Sai wajen watan Maris sanyi ya fara sassautawa, tsiro ya farfaɗo. Wannan lokaci shi ne bazararsu, amma ka lura, ba ta da zafi irin tamu.

Akwai tsiro biyu da masu lambu a can su ke so ƙwarai. Ɗaya fure ne, ana ce da shi dafodil, ɗaya kuwa itace ne, ana ce da shi fir. Kowannensu da dabararsa ta tsira daga sanyi. Wanda ya dasa su bai san dabarar nan ba, wahalarsa sai ta tafi a banza.

Dafodil

Dafodil ɗan tsiro ne, tsawonsa bai cika wuce inci 18 ba. Yana da kai a cikin ƙasa tamkar na albasa, a nan ya ke ajiye abincinsa. Watakila ka taɓa ganin albasar kwaɗi, wadda ke ɓacewa da rani, ruwa na sauka sai ka ga ta fito da fure. Halinsu ɗaya ne.

A kan binne kan nan a watan Satumba ko Oktoba. Zurfin ramin ya yi kamar uku na tsawon kan, watau wajen inci 6, tsinin yana duban sama. Yana son ƙasa mai tsane ruwa, gama in ruwa ya kwanta masa sai ya ruɓe. Duk tsawon hunturu yana can ƙasa yana fid da saiwa. Lalle ne kuwa sanyin ya ratsa shi makonni da dama, in ba haka ba furensa ba ya fita sosai. Da Maris ko Afrilu sai ya buɗe, yawanci rawaya, tsakiyarsa kamar bakin algaita. Mutanen Wales sun ɗauke shi alamar ƙasarsu, su kan maƙala shi a riga ran 1 ga Maris.

Furen ba ya daɗewa, cikin 'yan makonni ya bushe. A nan ne gaggawa ta kan cuci mai lambu. Sa'ad da ya ga ganye ya fara langaɓewa, ya ɓata masa kyan lambu, sai ya sa wuƙa ya yanke. Alhali kuwa da ganyen nan ne tsiron ke karɓar hasken rana, yana tara wa kansa abincin baɗi. Saboda haka a kan bar shi aƙalla mako 6 bayan fure, har ya yi rawaya don kansa. In an yi haka, kai guda ya kan haifi waɗansu, su yi ta fure shekara da shekaru ba a sāke shuka ba. In sun cunkushe sai a tone, a rarraba.

Ga wani abu kuma da ya kamata ka riƙe. Ko da ya ke ya yi kama da albasa, dafodil guba gare shi, mai sa amai da ciwon ciki. Don haka ne ɓeraye da bareyi ba su cika taɓa shi ba. A shekarar 2015 har hukumar lafiya ta Ingila ta gargaɗi manyan kantuna kada su ajiye shi kusa da kayan miya.

Fir

Shi fir ba ya ɓuya. Ganyensa 'yan sirara ne, gajeru, kamar allura mai ɗan faɗi, da wani abu kamar kakin zuma a bayansu wanda ke hana ruwan jikinsu fita. Ganye guda ya kan shekara da dama bai faɗi ba, saboda haka itacen kore ya ke kullum, kamar yadda mangwaro ya ke a wurinmu da rani. Siffarsa kuwa kamar jinkar ɗaki, faɗi a ƙasa, tsini a sama, don ƙanƙara ta riƙa zamewa, kada nauyinta ya karya rassa. 'Ya'yansa sun yi kama da ƙaramin goyon masara, a tsaye su ke bisa reshe, in sun nuna kuma a can sama su ke wargajewa, iska ta watsa irin.

Fir ya kai iri 50, yawancinsu na kan duwatsu ne. Akwai wanda a ke kira Nordmann, asalinsa duwatsun Jojiya da arewacin Turkiyya. A gidansu ya kan kai ƙafa 200, shi ne kuma Turawa su ka fi sarewa yana ƙarami don adon Kirsimeti. Akwai kuma na Koriya ta Kudu, wanda masu ƙaramin lambu su ka fi so. Shi da ƙyar ya ke ƙara ƙafa guda a shekara, amma sannu ba ta hana zuwa, a kwana a tashi ya kan kai ƙafa 30 ko fiye. Tun bai wuce ƙirjin mutum ba ya kan fara 'ya'ya masu launin shuni.

Fir yana son ƙasa mai laima wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, da iska mai sanyi. Zafi da fari da hayaƙin birni duk suna cutarsa.

Wanne za a dasa?

Mai lambu ya fara duba filinsa. Dafodil ko a tukunya ya kan yi, kuɗinsa kaɗan ne, in wuri bai yi masa ba kuma sai a tone a kai shi wani. Fir kuwa in ya kafu ba shi da ɗaguwa. Wanda ya ga Nordmann ɗan ƙarami ya dasa shi jikin ɗaki, bayan shekara 20 sai ya tarar ya rufe masa taga, ya hana lambun rana, ba abin da ya rage sai gatari.

Sa'an nan ya duba abin da ya ke nema. Dafodil a cikin wata 6 zai biya shi da fure, amma rabin shekara ba a ganinsa. Fir ba ya da fure mai ado, sai dai da hunturu, sa'ad da lambu ya yi fayau, shi ke tsaye kore, yana tare iska, tsuntsaye kuma suna fakewa cikinsa.

In da fili, a kan dasa su duka biyu, amma ba a haɗa su gindi ɗaya. Ƙarƙashin fir duhu ne da bushewa duk shekara, dafodil ba ya samun hasken da zai tara abinci. Wurinsa shi ne sarari, ko gindin itatuwa masu kakkaɓe ganye, domin kafin su yi sabon toho su rufe rana, ya riga ya yi furensa.

Kada dai ka yi sha'awar kawo su Kano ko Damagaram, gama ɗaya ba zai sami sanyin da ke sa shi fure ba, ɗaya kuwa bazara za ta ƙone shi. Abin da za ka ɗauka daga labarinsu shi ne wannan: kafin ka haƙa rami, ka tambayi inda tsiro ya fito, da lokacin hutunsa, da iyakar girmansa.