Ƙaramin Akwatin da ke Ƙarƙashin Ƙafar Mai Jita

A bukukuwan Badarawa, da Malali, da Unguwar Dosa, da wuya yanzu ka ga an rataya jita. Ko dai DJ ne da kwamfutarsa, ko mawaƙi da mai fiyano guda a bayansa. Tun shekarun 1990, lokacin da waƙoƙin finafinan Hausa suka rungumi fiyanon Yamaha, yaro ɗaya da yatsu goma ya maye gurbin ƙungiyar makaɗa sukutum. Amma jita ba ta mutu a Kaduna ba, matsawa gefe ta yi. Tana nan a coci-coci, da wurin makaɗan soja na barikokin da ke maƙwabtaka da Badarawa ta wajen Kawo, da wasu ɗakunan ɗaukar waƙa, da hannun samarin da ke koyo a ɗaka daga bidiyon YouTube. Garin nan kuwa ya san jita tun da daɗewa. A nan marigayi Bala Miller, ɗan asalin Zariya wanda ya rasu a 2003, ya kafa ƙungiyarsa, ya rera waƙoƙin Hausa irin su "Ikon Allah" a kan jita da ƙahoni.

In ka samu mai jitar lantarki yana wasa, kada ka tsaya kallon yatsunsa kaɗai, dubi ƙasa. Za ka ga wani ɗan akwatin ƙarfe, ko biyu, ko jerin su, kowanne da launinsa, da maɓallan murɗawa biyu ko uku, da wani maɓalli da ake takawa. Shi ne feda. Hannuwan makaɗi biyu suna kan aiki, don haka ƙafa aka bar wa kunnawa da kashewa. Da taku ɗaya muryar jita sai ta sauya: mai laushi ta koma mai kaushi, busasshiya ta koma mai amsa-kuwwa kamar a cikin babban zaure.

Jitar lantarki ba ta da ƙara ta kanta. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. In tsirkiya ta girgiza, sai ta haifar da 'yar wutar lantarki mai rauni a cikin naɗin, wutar ta bi waya zuwa amfilifaya, shi kuma ya ƙara mata ƙarfi ya tura wa lasifika. Feda tana zama ne a tsakiyar wannan tafiya, ta karɓi sautin tun yana wuta, ta sarrafa shi, sannan ta miƙa gaba. Aikinta ke nan gaba ɗaya.

Feda mai kaushi ta farko da ta yi kasuwa, kuskure ne ya haife ta. A 1961 aka fitar da wata waƙar Marty Robbins da aka ɗauka a Nashville ta Amurka. Ana cikin ɗauka wani sashe na na'urar haɗa sauti ya lalace, jitar bes ta Grady Martin ta fito da wani kurman gurnani mai zizara. Maimakon a sake ɗauka sai aka bar shi, kuma jama'a suka so shi. Injiniyan ɗakin, Glenn Snoddy, ya ƙirƙiro da'irar lantarki da za ta riƙa yin wannan ɓarnar da gangan, kamfanin Gibson ya fitar da ita a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Ta yi ta kwantai a shaguna har 1965, lokacin da Rolling Stones suka yi amfani da ita a waƙarsu "Satisfaction", nan da nan aka wawashe ta. Fuzz Face ta biyo baya a Ingila a 1966, Jimi Hendrix ya ɗaukaka ta, sannan fedar wah-wah ta kamfanin Vox, wadda ake lilo da ita da tafin ƙafa jita ta riƙa buɗe baki tana rufewa.

Abin da feda mai kaushi irin Fuzz-Tone ke yi shi ne ta tura sauti fiye da abin da da'irar za ta iya ɗauka, sai ƙololuwar igiyar sautin ta yanke, kamar yadda mai awo ke cika mudu ya yi tozo sannan ya shafe kansa. Wannan yankewar ce kunne ke ji a matsayin kaushi. In an shafe kaɗan, sautin ya yi ɗumi, shi makaɗa ke kira obadirayib. In an matsa, ya zama distoshin. In an gwabje shi gaba ɗaya, foz ke nan. Turawa sun daɗe suna ɗaukar wannan a matsayin aibi kafin su gane daɗinsa. Mu kuwa a nan kunnenmu ya riga ya saba. Mai garaya yakan maƙala wani ɗan ƙarfe mai zobba a kan sandarta don kowane bugu ya fito da zizara, algaita ma ba a san ta da sumul ɗin murya ba. Shi ya sa nake ganin duk mai cewa jita mai kaushi baƙon abu ce ga Bahaushe bai saurari kayan kiɗanmu da kyau ba.

'Yan Nijeriya ba su makara ba. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, samari a Legas da garuruwan gabas suka cika fayafayi da foz da wah-wah: BLO, da Funkees, da Ofege, 'yan makarantar St. Gregory da suka fitar da "Try and Love" a 1973. Arewa ma tana da nata, irin su Elcados na Kano. Yau masu tara tsofaffin fayafayi a Turai da Amurka suna neman waɗannan ruwa a jallo.

Fasalin feda kamar yadda muka san shi yau daga Japan ya zo. A 1977 Boss, reshen kamfanin Roland, ya fitar da ƙananan fedoji uku masu girman tafin hannu, cikinsu har da OD-1. A 1978 DS-1 mai ruwan lemo ta fito, kuma har gobe ana ƙera ta. Ibanez ya kawo koriyar Tube Screamer a 1979. Daga nan iyalin suka yaɗu. Akwai koras, mai sa jita ɗaya ta yi kamar biyu suna tafiya tare, wadda masu kiɗan coci ke ƙauna. Akwai mai amsa-kuwwa da ke maimaita sauti bayan ɗan jinkiri, da ribab mai ba da faɗin ɗaki, da kwamfiresa mai daidaita bugu mai ƙarfi da mai rauni. Duk da haka shekaru da yawa farashinsu ya fi ƙarfin saurayin da ke koyo a wannan yanki namu.

Abin ya sauya ne wajen 2010, da kamfanonin Sin irin su Mooer na birnin Shenzhen, da Joyo, da Donner, da NUX suka shigo. Suka matse da'irar cikin akwatin da bai kai rabin na Boss ba, suka sayar a kan dala talatin zuwa hamsin, wani lokaci ƙasa da haka. Mutane kan ɗauka araha irin wannan dole jabu ne. Ba lallai ba. Da'irar obadirayib ba wani sirri ba ce: 'yan tiransisto ne ko ƙaramin cif guda, da wasu ƙananan kaya da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Yawancin tsofaffin da'irori kuma babu sauran kariyar doka a kansu, kowa na iya kwaikwaya muddin bai saci suna da tambari ba. Misalin da ya fi ba ni dariya shi ne Klon Centaur, wadda wani Ba'amurke, Bill Finnegan, ya fara haɗawa da hannu a 1994. Tsohuwarta yanzu dubban daloli ake saye, alhali kwaikwayonta na Sin bai kai dala hamsin ba, kuma in aka rufe wa mutum ido aka buga masa su ta lasifikar taro, ba kowa zai bambance ba. Inda ake rage kuɗi shi ne a maɓallin takawa, da ramukan da waya ke shiga, da binciken inganci kafin kaya su bar masana'anta. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: mai arahar takan yi murya mai kyau, amma ba ta jure duka kamar ta Boss.

Wanda ke son ganin inda wannan hanya ke kaiwa ya dubi arewa da mu, jamhuriyar Nijar. Mdou Moctar, Buzun da ya yi suna a Agadas, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Kundinsa na farko, "Anar", a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da salon gyaran murya na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a kan katin memori har suka faɗa hannun kamfanin Sahel Sounds na Amurka. Ka saurari wancan kundi, sannan ka saurari "Afrique Victime" na 2021. Yatsun mutum ɗaya ne, salon ma na bukukuwan Agadas ne, amma jitar ta koma tana ruri, kuma fedoji da amfilifaya suna da babban rabo a wannan ruri. Haka Bombino, haka Tal National na Yamai da ke waƙa har da Hausa. Ba su bar kiɗan gida ba don sun taka feda, ƙara masa murya suka yi.

Sai dai akwai abin da tallan intanet ba zai faɗa wa mai saye a Badarawa ba, shi ne maganar wuta. Tsohuwar feda irin ta Boss tana da gurbin batir mai bolt 9, in an ɗauke wuta ba ruwanta. Ƙananan nan na yanzu an matse su har babu wurin batir, dole sai da adafta. Adaftar kuma ba kowacce ba. Kusan duk fedoji bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin wayar shi ne nagetif. Adaftar dikoda, da ta na'urar intanet ta gida, da ta yawancin ƙananan fiyanon Yamaha, bolt 12 ne, tsakiyarsu kuma fozitif. Bakin yakan shiga daram, shi ne tarkon. Yaro ya ga adaftar mai fiyano a ajiye a coci, ya jona, sai ƙaurin ƙuna. Fedoji da yawa ta haka suke mutuwa, ba don rashin inganci ba.

Ko an dace da adaftar, sauran gurnani. Wutar janareto da adafta mai araha sukan saka wani zuuu a cikin sauti, fedar distoshin kuma ba ta san bambancin kiɗa da datti ba, duka take ƙarawa. In aka jona fedoji da yawa a waya ɗaya mai rassa, musamman aka haɗa masu aiki da kwamfuta a ciki da na gargajiya, abin ya ƙara muni. Na gargajiyar wuta kaɗan suke sha, wasu ba su kai miliamf 10 ba, masu kwamfutar kuwa sukan haura 100. Mafita mafi sauƙi a wurinmu ita ce a raba feda da wutar bango gaba ɗaya. Akwai akwatunan wutar feda masu batirin caji, akwai kuma wayar da ke ɗaga bolt 5 na fawa-bankin waya zuwa 9. A ganina wanda ke da kuɗin feda biyu gara ya sayi ɗaya, ragowar ya sa a wuta mai tsabta.

Hunturu ma yana da nasa. Ƙura takan shiga maɓallan murɗawa, ka taɓa ka ji ƙarar-ƙarar. Feshin wanke kayan lantarki yana maganinta, jaka mai zif kuma ta fi shi. In feda ta lalace, a lura da wa za a kai wa. Tsofaffin masu manyan kaya a ciki, mai gyaran rediyo zai iya da su. Ƙananan kuwa kayan cikinsu ƙanana ne ƙwarai, a manne a fuskar allo, aikin mai gyaran wayar hannu ne da ke da na'urar hura iska mai zafi.

Mai bes ya yi hattara da aron fedar abokinsa. Tsirkiyar bes mafi kauri tana girgiza sau 41 a daƙiƙa, ta jita sau 82, kuma yawancin fedojin obadirayib na jita an tsara su ne su zubar da sautin ƙasa don kada kiɗa ya cakuɗe. In mai bes ya taka irin wannan, nauyin da ake jin sa a ƙirji sai ya ɓace, ƙungiya ta zama ba gindi. Fedar bes ta gaskiya takan zo da maɓallin gauraya, wanda ke barin asalin sautin ya wuce tare da wanda aka sarrafa. A wuraren da babu amfilifayar bes, inda ake cusa ta kai tsaye cikin na'urar haɗa sauti, abin da ya fi amfani shi ne feda mai gyara sauti ta kuma fitar da shi ta wayar makirufo. SansAmp ta kamfanin Tech 21 ce uwa a wannan fanni, Behringer kuma yana da kwaikwayonta mai araha.

Akwai kuma masu tara komai a akwati guda, irin su Zoom G1 Four na jita da B1 Four na bes. Sautuka da dama, da na'urar saita tsirkiya, da kiɗan ganga na gwaji, kuma suna aiki da ƙananan batura huɗu ko wayar USB. Masu ji da kansu a harkar sukan raina su. Ni ban raina su ba, domin ga mai koyo a inda wuta ba ta da tabbas da wuya a samu abin da ya fi su dacewa. Aibinsu shi ne yawan zaɓi: yaro ya kwana yana latse-latse bai koyi waƙa ko ɗaya ba, ranar wasa kuma ya zuba koras da ribab da amsa-kuwwa gaba ɗaya har ba a jin abin da yake bugawa. Wanda ya zaɓi ɗaiɗaiku, jerin da aka saba shi ne na'urar saiti a farko, sai wah-wah da kwamfiresa, sai masu kaushi, sai koras, masu amsa-kuwwa a ƙarshe. Ba doka ba ce, amma in ka sa amsa-kuwwa kafin distoshin za ka ji dalilin da ya sa aka saba da hakan.

Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, abin da ake kira araha a dala ya daina zama araha a aljihunmu, don haka da yawa sun koma kan na hannu, ko daga kasuwar Alaba ta Legas ko daga wani makaɗin da ke son sauyi. Ba laifi, tsohuwar Boss da aka riƙe da kyau takan fi sabuwar da ba a san asalinta ba, sai dai akwai jabun Boss ɗin ma a kasuwa. Mai saye ya je da jitarsa da wayarsa. Ya taka maɓallin sau da yawa ya ji ko yana tsallake, ya murɗa kowane maɓalli daga farko har ƙarshe, ya girgiza wayar a bakin ramin, sannan ya kashe fedar ya saurara ko sautin jitar yana wucewa yadda yake. In mai batir ce, ya buɗe gurbin ya duba ko tsohon batir ya taɓa zubewa a ciki.