Tace hoton jini kafin a ƙirga ƙwayoyin maleriya

Da damina, asibitocin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar kan cika da masu zazzaɓin cizon sauro. Ma'aikacin ɗakin gwaji yakan shafa jini a gilashi, ya rina shi da Giemsa, ya duba a madubin likita. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ana ƙirga ƙwayoyin cutar daura da fararen ƙwayoyin jini 200.

Idan aka ɗora kyamara ko waya a kan madubin don kwamfuta ta yi ƙirgar, sai wata matsala ta ɓullo. Hoton kan fito da ɗigo-ɗigo kamar tsohuwar talabijin da ta rasa tasha. Ƙarancin haske ne ke jawo wasu, wasu kuma daga lantarkin kyamarar. Kwamfuta kuwa ba ta da idon tsohon ma'aikaci, sai ta lissafa ɗigo a matsayin ƙwayar cuta.

Shi ya sa ake tace hoton tukuna. Manhajar ImageJ, wadda Wayne Rasband ya fitar kyauta a Amurka a 1997, tana iya daidaita kowane ɗigo da na kewayensa. Amma in tacewar ta yi yawa, ƙaramar ƙwayar maleriya mai siffar zobe kan ɓace tare da dattin, adadi ya ragu.

Ƙurar hunturu da gurɓataccen rini ba aikin manhaja ba ne. A goge gilashi, a tace rini. Kuma a ajiye asalin hoton.