Hoton Akwatin Imel: Yadda Ake Canza Shi da Abin da Ya Kamata a Sani

Kusan duk wanda ya mallaki wayar Android yana da akwatin imel, ko yana amfani da shi ko ba ya yi, domin sai da asusun Google ake iya sauke manhajoji daga Play Store, kuma wannan asusun galibi yakan zo da adireshin Gmail. A kusurwar sama ta hannun dama ta manhajar Gmail akwai wata 'yar ƙaramar da'ira wadda take ɗauke da hoton mai asusun, ko kuwa harafin farko na sunansa idan bai taɓa ɗora hoto ba, kuma ita ce ake kira hoton furofayil, wato hoton da yake wakiltar mutum a duk inda sunansa ya fito a cikin tsarin kamfanin. Canza wannan hoto aiki ne da ba ya wuce minti biyu, amma abin da yake biyo bayansa ya fi yadda mutane da yawa suke zato faɗi, saboda haka ya dace a fahimci inda hoton yake zaune, da waɗanda suke ganinsa, da kuma iyakar abin da zai iya tabbatarwa.

Hoton ba ya tafiya tare da saƙo

Imel ya girmi hoton furofayil nesa ba kusa ba. A shekarar 1971 ne wani injiniya Ba'amurke mai suna Ray Tomlinson ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata ta hanyar sadarwar ARPANET, kuma shi ne ya zaɓi alamar @ domin ta raba sunan mutum da sunan na'urar da akwatinsa yake. A 1982 aka wallafa ƙa'idar SMTP, wato jerin dokokin da kwamfutoci suke bi wajen miƙa wa juna saƙonni, wadda har yau a kanta imel yake gudana bayan gyare-gyaren da aka yi mata. Saƙon da yake bin wannan ƙa'ida yana ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa, da kwanan wata, da kan magana, da jikin saƙon, amma ba a ware wa fuskar mai aikawa wani gurbi ba. Ko da Hotmail ya fito a 1996, Yahoo Mail ya biyo baya a 1997, sannan Gmail a ranar 1 ga Afrilun 2004, wannan tushe bai sauya ba, kowane kamfani dai ya gina nasa tsarin hoton a gefe.

Abin da yake faruwa shi ne, idan mutum ya ɗora hoto, ana ajiye shi a manyan kwamfutocin kamfanin da ake kira saba, a ɗaure shi da adireshinsa. Idan saƙonsa ya isa wurin wani, manhajar mai karɓa ce take duba adireshin, ta tambayi sabar ko akwai hoton da aka ɗaure da shi, sannan ta nuna shi a gefen sunan. Wannan ne dalilin da ya sa mai Gmail yake ganin hoton ɗan'uwansa mai Gmail, alhali wanda yake karanta saƙon a Outlook ko Yahoo galibi harafi kawai yake gani, tunda manhajarsa ba ta da hanyar shiga rumbun hotunan Google. Shi ne kuma dalilin da ya sa sabon hoto yake bayyana har a kan tsofaffin saƙonnin da aka aika shekarun baya, domin duk lokacin da aka buɗe saƙo, hoton da yake kan asusun a wannan lokacin ake ɗaukowa.

Matakan canzawa

A wayar hannu, ana buɗe manhajar Gmail a taɓa da'irar da take kusurwar sama ta dama, sai wani ɗan allo ya fito ɗauke da sunan mai asusu da adireshinsa, da hoton da yake da 'yar alamar kyamara ko ta fensir a jikinsa. Idan aka taɓa wannan alama, za a ga zaɓi na canza hoton da na cire shi gaba ɗaya, kuma wanda ya zaɓi canzawa yana iya ɗaukar sabon hoto nan take da kyamarar wayar, ko ya ɗauko wanda yake ajiye a cikinta ko a Google Photos, ko kuma ya zaɓi ɗaya daga cikin zane-zanen da kamfanin ya tanada. Daga nan sai a daidaita hoton a cikin da'irar, a matso da shi ko a juya shi har fuskar ta zauna a tsakiya, sannan a danna maɓallin ajiyewa. Wanda yake da asusu fiye da ɗaya a waya guda yana bukatar ya duba adireshin da yake saman allon kafin ya fara, domin akan yi kuskuren ɗora hoton gida a kan asusun aiki.

A kwamfuta kuwa, ana shiga shafin sarrafa asusun Google ta manhajar buɗe shafukan intanet, a nufi sashen bayanan mai asusu, inda hoton yake tare da suna da ranar haihuwa. Tsarin Microsoft, wanda ya haɗa adiresoshin Outlook da na Hotmail, da tsarin Yahoo, duk haka suke, wato ana samun hoton a shafin bayanan asusu. Nau'o'in hoto da aka fi sani, JPEG da PNG, dukkansu suna karɓuwa, sai dai da yake za a yanke hoton ya koma da'ira, wanda tsawonsa da faɗinsa suka yi daidai ya fi zama da kyau.

Sau da yawa mutum yakan canza hoto ya ci gaba da ganin tsohon, har ya ɗauka aikin bai yi ba. Yawanci musabbabin haka shi ne ma'ajiyar wucin gadi, wato wurin da waya ko kwamfuta take adana kwafin abubuwan da ta riga ta sauke domin kada ta sake cin data a kansu, kuma canjin yana iya ɗaukar daga mintuna kaɗan zuwa kwana ɗaya ko biyu kafin ya game ko'ina. Haka nan, idan wani ya riga ya sanya wa mutum hoto na daban a jerin lambobin wayarsa, wannan hoton zai iya ci gaba da fito masa. A asusun da ma'aikata ko makaranta ta buɗe wa mutum kuma, jami'in da yake kula da tsarin yana da ikon rufe damar canza hoto, don haka a irin wannan hali shi ake tuntuɓa.

Su wa suke ganin hoton

A nan ne batun ya fi bukatar natsuwa, domin hoton na asusu ne baki ɗaya, kuma Gmail ɗaya ne kawai daga cikin wuraren da yake fitowa. Hoton da aka ɗora yana bayyana a Google Meet idan an kashe kyamara ana tsakiyar taro, da a Google Drive idan an raba takarda da abokan aiki, da kuma gefen ra'ayin da mutum ya rubuta game da wani kanti a Google Maps ko wata manhaja a Play Store, inda duk mai intanet zai iya gani. A ɓangaren Microsoft, hoton yana fitowa har a allon shiga kwamfutar Windows idan da wannan asusun ake buɗe ta. Google ya tanadi zaɓi tsakanin barin hoton a buɗe ga kowa da taƙaita shi ga waɗanda ake hulɗa da su, kuma ya kamata duk mai asusu ya san a kan wanne nasa yake.

Wannan ya shafi al'ummar Hausa kai tsaye, saboda jama'a da dama ba su ne suka buɗe akwatinsu da kansu ba, mai sayar da waya ne ko mai shagon intanet ya buɗe musu lokacin rajistar jarrabawar JAMB ko cike takardar neman aiki. Shekaru sukan shuɗe ba a waiwayi hoton ba, har ranar da za a aika takardar neman gurbin karatu ko ta kwangila da hoton biki ko na ƙuruciya a jikinta. Wanda yake amfani da akwatinsa wajen aiki zai fi amfana da hoto mai haske, fuska a sarari, bango ba tarkace, irin wanda mai karɓa zai gane shi ko da an ƙanƙanta shi. Wanda kuma ba ya son bayyana fuskarsa, kamar yadda mata da yawa da wasu maza suke zaɓa saboda addini ko kunya ko tsaro, babu abin da ya wajabta masa, domin zane ko tambarin sana'a ko harafin suna duk sun wadatar. Abin da ya kamata a guje wa shi ne ɗora hoton ƙananan yara, ko hoton da yake nuna ƙofar gida ko lambar mota ko katin shaida, da kuma ɗora hoton wani ba da izininsa ba.

Hoto ba shaida ba ne

Sauƙin da yake cikin canza hoto shi ne kuma rauninsa, tunda babu wanda yake tantance cewa fuskar da aka ɗora ta mai asusun ce. Ɗan damfara yana iya sauke hoton shugaban wata ma'aikata ko tambarin wani banki daga intanet, ya buɗe sabon akwati da suna mai kama da na gaskiya, sannan ya aika saƙon neman kuɗi ko lambar sirrin katin banki, kuma da yake a allon waya suna da hoto ne suke fara fitowa, mai gaggawa ba zai lura da cikakken adireshin ba. Maganin wannan shi ne a taɓa sunan mai aikawa domin adireshin ya bayyana, a karanta abin da ya biyo bayan alamar @ harafi bayan harafi, idan kuma batun kuɗi ne a kira mutumin ta lambar da aka riga aka sani. Dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta sanya yin sojan gona da satar bayanan wani a cikin laifukan da ake hukuntawa, Nijar ma ta kafa tata dokar a 2019, amma doka tana zuwa ne bayan an yi ɓarna, alhali duba adireshi yana hana ta aukuwa.

Kamfanonin imel sun yi ƙoƙarin toshe wannan kafa ga manyan hukumomi ta hanyar wani tsari mai suna BIMI, wanda yake ba wa kamfani damar nuna tambarinsa a gefen saƙo bayan ya cika sharuɗɗan da suke tabbatar da cewa saƙon daga sabarsa ya fito. Gmail ya fara aiki da tsarin ga kowa a 2021, sannan a 2023 ya ƙara shuɗiyar alamar tantancewa a gefen sunan kamfanonin da suka gabatar da takardar shaidar mallakar tambarinsu. Wannan tsari na hukumomi da kamfanoni ne, bai shafi akwatin ɗaiɗaikun mutane ba, kuma ba kowace hukuma ce ta shiga cikinsa ba, saboda haka rashin alamar ba ya nufin saƙo na ƙarya ne.

Abin da ya rage ga mai akwatin imel abu biyu ne: ya buɗe asusunsa ya ga hoton da yake wakiltarsa a yau, ya gyara shi ko ya cire shi idan bai dace da hulɗar da yake yi ba, sannan a duk saƙon da ya shigo masa ya dogara da adireshin mai aikawa kafin ya yarda da fuskar da ya gani.