Hukumomin Gwamnatin Amurka da Tsara Manufar Harshe

1.0 Gabatarwa

Tsarin Mulkin Amurka bai ambaci wani harshe a matsayin harshen hukuma ba. Wannan maƙala za ta dubi yadda sassa uku na gwamnatin tarayyar ƙasar, wato majalisa da kotu da fadar shugaban ƙasa, suka cike wannan giɓi, kowanne ta hanyarsa.

2.0 Majalisa

Majalisar Wakilai tana da kujeru 435, ta Dattawa kuwa 100. Ƙuduri ba ya zama doka sai majalisun biyu sun amince da shi, sannan a miƙa wa shugaban ƙasa. Idan ya hau kujerar na-ƙi, sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun sake amincewa. Ta wannan hanya aka samar da dokar koyarwa da harsuna biyu a 1968, da dokar kare harsunan 'yan asalin ƙasar a 1990. Amma ƙudurin mayar da Ingilishi harshen hukuma, wanda Wakilai suka amince da shi a 1996, ya mutu saboda Dattawa ba su kaɗa ƙuri'a a kansa ba.

3.0 Kotu

Aikin kotu shi ne fassara doka. A shari'ar Lau da Nichols ta 1974, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa makarantun San Faransisko sun saɓa wa dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964, domin sun bar ɗalibai 'yan asalin Sin a aji ba tare da taimakon koyon Ingilishi ba.

4.0 Fadar Shugaban Ƙasa

Shugaba yana iya ba ma'aikatun tarayya umarni ba tare da ya bi ta majalisa ba. A 2000 Clinton ya umarce su da su sauƙaƙa hidima ga waɗanda ba su iya Ingilishi sosai ba. A 2025 Trump ya soke wannan umarni, ya kuma ayyana Ingilishi a matsayin harshen hukuma.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya fahimtar cewa ƙarkon manufar harshe ya danganta da hukumar da ta samar da ita. Dokar majalisa tana da wuyar samuwa, tana kuma da wuyar rushewa, alhali umarnin shugaba sa hannun magajinsa kawai ya isa ya kawar da shi.